Awa Goma Sha Shida Daga Guangzhou Zuwa Kano

Kai da kake ce mini jirgin sama ya kashe nisa, gyara zama ka ji abin da ya sami wani ɗan kasuwa. Bakano ne, ya tafi birnin Guangzhou na ƙasar Sin yana saro wa 'yan Kantin Kwari yadi, wasa-wasa har ya shekara tara bai leƙo gida ba. Mahaifiyarsa tsohuwa ce mai yin daddawa, ba ta da buri a duniya sai ta sake ganinsa da idonta. In ta roƙe shi a waya, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, kilomita kusan dubu goma sha ɗaya ne, amma awa goma sha shida ce kacal a sama. Duk ranar da kika matsu, washegari ina gabanki." Ita kuwa takan ce kakanta mai fataucin goro wata uku yake yi a ƙafa zuwa Gwanja, amma bai taɓa yin damina biyu bai ga gida ba. To, kusancin nan da yake taƙama da shi, shi ya cuce shi. Abin da mutum ke ganin yana hannunsa, kullum sai ya ce gobe. Duk shekara tsohuwa takan ware masa daddawa a 'yar tukunya, ta bushe ƙamas, ta sake zuba wata.

Ran nan ƙanwarsa ta bugo ta ce jikin Inna ya rikice. Nan ya gane ba kullum ake samun jirgi ba, sai da ya kwana biyu kafin ya sami kujera. Yana can sama, waya a kashe, yana kallon ɗan hoton jirgi na rarrafe a kan taswira, tsohuwa ta cika da hantsi. Ka kuwa san mu, gawa ba ta jiran kowa. Aka yi mata wanka, aka sa likkafani, aka sallace ta, kafin azahar an kai ta makwancinta. Awa huɗu ke nan. Shekara tara yana ƙirga awa goma sha shidansa, bai taɓa ƙirga waɗannan huɗun ba. Ya sauka da la'asar, da akwati cike da barguna da leshi, ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Aka raka shi maƙabarta, ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba. Da ya dawo, ƙanwarsa ta miƙa masa tukunyar daddawa, sai ya fashe da kuka. Wallahi na ga kuka a rayuwata, amma ban taɓa ganin namiji ya yi irin wannan ba. Inda Inna ta tafi kuwa, babu jirgin da zai kai shi ya dawo. Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunta a ƙafa take.