Sukari a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Burodin sha'ir, man zaitun, ganyen shayi, curin sukari, gishirin awaki, sai shebur ɗin da 'yar makiyayin ta nace a ɗora wa alfadari.

Sanyin bana bai yi ƙarfi ba a duwatsun Atlas. Itatuwan tuffa sun yi fure da wuri, kuma a wurin mahaifinta, fure na nufin lokacin hawa da awaki makiyayar tudu ya yi. Awaki arba'in ne, su ke nan abin da ya mallaka.

A bakin gangaren da za su ratsa, ta sauke shebur ta fara haƙa dusar ƙanƙara.

"Shekara shida kina karatu a ƙasar Turawa, ashe haƙa kabari kika koyo," in ji shi.

"Baba, kawo hannunka."

Ta tura hannun cikin ramin. Saman tauri kamar dutse, ƙasan kuwa gari ne, yana zuba ta tsakanin yatsunsa kamar sukari.

"Saman ne kawai ya daskare. Duk gangaren nan a kan wannan garin yake zaune. In muka taka, zai iya zaftarewa da mu."

Ya daɗe yana murza shi. Sannan ya yi wa awaki fito, suka juya.

Da la'asar, suna cikin wata bukkar dutse, suka ji rugugi. Ya leƙa. Gangaren ya zaftare ya faɗa kwari, har da ramin da ta haƙa.

Ya duba awakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi hamdala, ya rufe ƙofa.

"Zuba mana shayi, mai haƙa kabari. Baɗi ba itacen tuffa zan tambaya ba, ke zan tambaya."