Nonon Da Ƙuda Ya Ƙi

Tun da aka kafa dokar tsabtar madara, ba mai shiga kasuwa da nono sai an gwada shi a bakin ƙofa. Daso mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta, jami'i ya tsoma wani siririn ƙarfe, nan take ƙarfen ya kawo jar wuta.

"Inna, akwai abu mai rai a cikin nan."

"To, ɗan nan, da mataccen nono kake so in kawo? Da ragowar jiya muke tsamar da na yau, tun zamanin kakata."

Jami'in ya tuntsurar da ƙwaryar a kwata, ya miƙo mata robar nonon hukuma, fari fat, ba ƙamshi ba wari, ya ce shi za ta sayar. Ƙudaje suka yi dandazo a kwatar.

Ta buɗe robar, ta zauna har la'asar tana kallonta. Can wani magidanci ya tsaya.

"Inna, yana da kyau?"

Ta taɓe baki. "Tun safe yake buɗe, ko ƙuda ɗaya bai sauka ba."

"Madalla da tsabta!" in ji shi. "Zuba min na yara."