Kumburi a Tayar Gaba

Sati uku da fito da sabuwar motarsa, Yusrizal ya tsugunna yana wanke ta, sai hannunsa ya ci karo da wani kumburi kamar ƙwan kaza a gefen tayar gaba. Ko ledar kujeru ba a cire ba tukuna. Shekara goma sha ɗaya yana sayar da shinkafa da miya a birnin Pekanbaru na ƙasar Indunusiya kafin Allah ya nufe shi da mota, kuma burinsa ɗaya ne: ya kai iyalinsa Sallah ƙauyen matarsa a cikinta.

Washegari ya koma wurin dillalan. Wani ma'aikaci mai farar riga ya fito, ya latsa kumburin da yatsa, ya kira shi Pak, wato Malam.

"Pak, ai taya ba ta cikin garantinmu. Mu inji muka sani da jikin mota. Wannan sai kamfanin da ya ƙera tayar."

"To ba da tayoyinta kuka sayar mini ba? Ko a ka na ɗauko ta?"

Mutumin ya yi dariya. "Wa ya sani ma ko rami ka faɗa."

Yusrizal bai ce a rubuta kokensa ba, bai karɓi takardar komai ba. Ofishin masu tayar yana can wani gefen gari, ga azumi, ga shagonsa cike da masu sayen abin buɗa-baki. Ya ce a ransa sai bayan Sallah.

Ranar tafiya, matarsa Desmawati ta tsaya tana kallon tayar. Ta kira shi Uda, yadda matan garinsu ke kiran miji.

"Uda, ka sa ta ko-ta-kwana mana. Ni abin nan bai kwanta mini ba."

"Waccan 'yar siririyar? Sabuwar mota ta shiga garinku tana ɗingishi, yayanki Bahtiar ya samu abin dariyar shekara? Sabuwar taya ce, Des, ba abin da za ta yi."

Ta shiga ta zauna da kwanon nama a cinya. 'Yarsu Rahmi tana baya.

Da hantsi, a wata gangara kafin garin Payakumbuh, tayar ta fashe. Sitiyari ya ƙwace, motar ta daki dutse ta ɓangaren da Desmawati take. Rahmi ta karye a hannu. Yusrizal ko ƙwarzane bai samu ba. Desmawati ta cika kafin a isa asibiti, aka binne ta ranar jajibere.

Bayan an share makoki ya soma yawon neman mai laifi. Dillalan suka duba littafinsu, suka ce ba su ga ranar da ya zo da wani koke ba. Mai farar rigar ya ce shi bai tuna fuskarsa ba. Kamfanin taya suka karɓe shi da mutunci, suka ce ya kawo tayar a bincika, in aibin daga ƙira ne za su ɗauki nauyi. Ya ruga garejin da aka ja motar, aka ce ai ragowar tayar tuni masu yanka roba suka kwashe. Takardar 'yan sanda kuwa layi ɗaya ce: direba ya kasa riƙe mota.

Da ya koma ƙauyen ya zayyana wa Bahtiar komai, har maganar da suka yi da marigayiya ranar tafiya. Bai ɓoye ba.

Bahtiar ya ce, "Kamfani bai ga kumburin ba, in ji su. Dillali bai gani ba. Kai fa, baban Rahmi? Kai ka gani, ita ma ta gani, har ta faɗa maka."

Ba wanda ya kore shi. Amma a al'adar garin, gidan na dangin matar ne, 'yar ma tasu ce, kuma babu mai iya haɗa ido da shi. Ya ɗauki jakarsa. Rahmi na tsaye a baranda, hannu a ɗaure, ya ce mata zai riƙa zuwa. Ta gyaɗa kai.

Mai karatu, sabuwar mota ba ta hana taya aibi. In ka ga kumburi ko tsaga, cire ta a take, ka adana ta, ka sa a rubuta kokenka a ba ka shaida. Gardamar wa ke da alhaki tana iya jira, amma rai in ya fita babu garantin da ke dawo da shi.