Kiran da Ya Tsaya a Ranar Jana'iza

Ɗan'uwana, tunda ka ce ka gaji da aikin da mamaci ya bari a kwamfuta har kana son ka goge shi, zauna in ba ka misali, ni ma haka aka ba ni shi lokacin da nawa rashin yake ɗanye.

Wani mutum ne mai rubuta manhajar kwamfuta, mahaifiyarsa tana fama da hawan jini, ga ta da mantuwar shan magani. Sai ya haɗa mata wata 'yar manhaja, ya naɗi muryarsa ya sa a ciki. Kullum da hantsi wayarta takan yi ƙara, in ta ɗauka ta ji shi yana cewa, "Inna, a sha magani kafin koko ya huce." Ana nan haka har Allah ya karɓi ransa, wayar kuma ta yi shiru tun daga ranar jana'iza. Yana da ƙane a wata unguwa can bayan gari, wanda ya ɗan tsinci sana'ar a hannunsa. Ƙanen nan tun da aka yi sadakar bakwai bai ƙara taka gidan ba, don ba ya iya ganin takalman wansa a bakin ƙofa. Sai saƙo ya iso masa cewa Inna ta daina shan magani, ƙafafunta sun fara kumbura, in an yi mata magana sai ta ce mai tuna mata ya tafi. Ya ce a ransa, in na gyara kiran nan muryar ta dawo, ai shi ke nan. Ya ɗauko kwamfutar wansa, ya kashe ya kunna, ya zargi sabis, ya canza wannan ya taɓa wancan, duk bisa zato. Kira bai tafi ba.

Da zato ya ƙare masa, sai ya buɗe abin da masu sana'ar suke kira dibaga, wato manhajar da ake bin sawun kuskure da ita. Allon ya rabu taga-taga. A ta hagu ga rubutun wansa layi bisa layi, a ta dama kuma ana ganin abin da manhajar wan take riƙe da shi a ranta a daidai wannan lokaci. Ya danna gefen layin farko, wani jan ɗigo ya fito, alamar a tsaya nan. Ya saki manhajar, ta zo ta tsaya cak a kan ɗigon, wata 'yar kibiya rawaya tana nuna inda ƙafarta take. Daga nan ya riƙa danna maɓallin taki ɗaya, kibiyar tana sauka a hankali, shi kuma yana biye, kamar mai bin sawun wani a kan rairayi bayan an ɗauke ruwa. A nan wansa ya duba kwanan wata. A nan ya ɗauko lambar Inna. Da ya leƙa tagar dama sai ya ga kwanan watan da manhajar take riƙe da shi ba na yau ba ne, na ranar jana'iza ne. A ƙarƙashinsa, inda ake tambaya ko Inna ta ɗauka, amsar ita ce a'a. To yaya za ta ɗauka, tana tsakiyar masu gaisuwa?

Kibiyar ta karkata ta nufi wani sashe da bai taɓa lura da shi ba, ya danna maɓallin shiga ciki ya bi ta. Ashe wansa ya tsara cewa duk ranar da Inna ba ta ɗauka ba, a kira shi wan a wayarsa, kuma kada a wuce zuwa gobe sai ya amsa. Kibiyar ta kira, ta jira, ta koma sama, ta sake kira. Ya zuba mata ido tana ta kewaya wurin. Babu abin da ya lalace. Manhajar tana nan tsaye a ranar, tana kiran lambar da mai ita yake kwance a maƙabarta.

Sannan ya danna lambar wansa a tagar dama, ya goge ta, ya rubuta tasa, ya saki kibiyar ta ci gaba. Nan take wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya kara a kunne, sai ga muryar wansa, cikin irin gaggawar da mutum yake yi wa kansa magana: "Inna ba ta ɗauka ba. Tashi ka je."

Bai tsaya rufe kwamfutar ba. Ya tarar da Inna a tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu. Ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Auta, ashe ka san hanyar gidan nan? Wa ya aiko ka?"

Ya ce, "Yaya ne, Inna."

Ba ta nemi bayani ba. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Ka rame kamar ba ka da uwa. Ɗebo min ruwa a randa, maganin yana kan taga."

Kiran ya dawo washegari, kuma har yau yana zuwa. Amma sau da yawa wayar takan yi ƙara ne ƙanen yana zaune a gefenta, ya riga ya ɓare mata ƙwayar ya miƙa mata kofi. Ka ga, ɗan'uwana, Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.