Saura Taƙi Ɗaya

Hambali, zauna mana. Tun da ka shigo kake kaiwa da komowa, wai gobe za ka sake fasa tanderun gidan burodinka ka gina wani, karo na uku ke nan a shekara guda. Bari in ba ka wani misali.

An yi wani mai gyaran rediyo a wani gari da duwatsu suka kewaye. Yana da hannu, ban raina shi ba, sai dai Allah ya yi shi da ƙaiƙayin yatsu: in ya ga noti a ɗaure, ba ya samun sukuni sai ya kwance shi. Shi da wasu magidanta biyar sun ɗauki sha'awar ƙananan motocin nan masu rimot da ake haɗawa don hawan dutse. Tsawonsu bai wuce kamu ɗaya ba, amma suna da giya da sifirin kamar babbar mota, da tayoyi masu laushi da aka cusa wa soso maimakon iska. Ba motocin gudu ba ne. Tafiyar hawainiya suke yi, taya ta dafa nan, ta laluba can, har ta sami abin kamawa. Wata bakwai ya yi yana haɗa tasa. Ya yi mata koren fenti, ya liƙa dalma a tayoyin gaba don kada ta ɗaga kai a wurin hawa. Kowace Asabar da hantsi suna haɗuwa a gindin wani falalen dutse da suke kira Goshin Sa, ka'idarsu kuwa ɗaya ce: mota ta hau da kanta, wanda ya taɓa tasa da hannu ko ya tokare ta da ƙafa ya faɗi. Ba wanda ya taɓa kaiwa ƙoli. Ran da koriyar ta fara gwadawa, ta wuce inda ta kowa ke tsayawa, har ya rage saura taƙi ɗaya, sannan tayoyin suka yi ta juyawa a wuri guda.

Taƙin nan ɗaya shi ya hana bawan Allahn nan sakat. Yana cin tuwo yana zana dutsen da yatsa a bakin kwano. A kawo rediyo gyara, sai ya ture ta gefe ya jawo mota. Wani tsohon direban tirela a cikin abokan, wanda tasa motar ta fi ta kowa muni, ya ce masa, "Malam, motar nan ba ta da ciwo. Yatsanka ne ke da gaggawa a kan totur. Bar ta yadda take, ka yi ta hawa har ku san juna." Ya ce to, amma to ɗin baka ne. Kafin Asabar ta zagayo ya sake soson tayoyi, ya ɗaure sifirin, ya matsar da batir gaba, duk a lokaci guda. Motar ta ja baya da taƙi biyu. Wanne ne a cikin ukun ya ɓata ta? Oho. Maimakon ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya ya gani, sai ya ƙara wasu uku a kai. Wani mako ta ɗan yi gaba, wani mako ta koma, shi kuwa bai san abin da zai gode wa ba, bai san abin da zai zarga ba. Haushi ya cika shi. Ya sa zarto ya rage tsawon ƙarfen gindinta, ya goge haƙoran giya da magagari, abin da ba ya komawa yadda yake. Daga ƙarshe ya cire injinta mai sanyin tafiya ya sa mai gudu, ya ce in ba ta hau da lallami ba ta hau da ƙarfi.

Ta kuwa hau da ƙarfi. Ranar Asabar ya danna totur, ta zabura kamar an tsikare ta, ta ci rabin dutsen kafin a ƙifta ido. Da ta isa wurin nan na saura taƙi ɗaya sai ta ɗaga kai sama, ta wuntsila ta baya, ta yi ta adungure har ƙasa. Taya ɗaya ta nufi gabas, bodi ya tsage biyu. Ya durƙusa yana tsintar ƙananan notuna a cikin tsakuwa, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Yana nan durƙushe tsohon direban ya ajiye tasa mummunar, wadda bai taɓa sa mata sukudireba ba tun da aka fara. Ta hau a hankali, ta tsaya daidai inda koriyar ta tsaya ranar farko, ya karkatar da ita hagu kaɗan da rimot, tayar gaba ta kama wata 'yar tsaga da ya gano saboda yawan hawa, ta ja jiki ta haye. Tsagar nan tana nan tun ranar farko, yatsa uku daga tayar koriyar. Mai rediyo ya sake haɗa motarsa daga baya, amma ko rabin Goshin Sa ba ta ƙara kaiwa ba, kuma ya kasa tuna yadda take a da.

To Hambali, burodinka ana saye, gefe ɗaya ne kawai ke ɗan ƙonewa. Kafin ka ɗauki guduma, ka tuna abin da Hausawa suka ce: garin neman gira, an rasa ido.