Jinin da Anti Turai Ta Ƙyamata

"Ta farfaɗo," in ji nas ɗin a kiran bidiyo, ta juya wayar kan gadon Anti Turai.

Ita ke sayar mana da tuwo a Setapak, unguwar da muke karatu a Malesiya. Da korona ta kama ni, ta watsa hotona a zauren ɗalibai na WhatsApp: "Ku guji Hasna, jininta ƙazami ne." Wata uku ba mai amsa sallamata.

Sai cutar ta kwantar da ita, guba ta shiga jininta. Likitoci suka nemi ruwan jinin wanda ya warke, saboda garkuwar da ke ciki.

"Allah ya saka wa wanda ya taimake ni," ta ce da ƙyar.

Na ce, "Amin, Anti. Ƙazamin aka ɗura miki. Za ki sanar a zauren, ko in sanar?"