Mai Sa Wa Haladu Hannu

Ka ce jibi za ka raka ɗanka jami'a. To, zauna. Ni bokona a aji huɗu ya tsaya, amma ga abin da za ka gaya masa a mota.

An yi wani saurayi, Haladu, ɗan fari a wurin uwarsa, shi ne ya fara taka jami'a a duk zuriyarsu. Da ya je sai ya tarar babu ƙararrawa, babu bulala, babu mai cewa ina wane. Ɗakin lacca ya ci mutum ɗari biyar, malami na can ƙasa kamar ƙuda. Abin da kawai ke nuna ka zo, takarda ce da ake miƙawa benci benci, kowa ya rubuta sunansa da lambarsa ya sa hannu. A ƙarshen bencin Haladu akwai wani ɗalibi siriri mai farar riga. Kullum ita ce a jikinsa, kullum fes. Ba ya hira, ba ya dariya, kuma Haladu bai taɓa ganinsa da abinci a hannu ba. Wata Talata da rana ta take, abokai na jira a gindin darbejiya da ludo, sai mai farar riga ya ce masa a hankali, "Je ka, zan sa maka hannu." Haladu ya ba shi lambarsa ya fice. Ko sunan bawan Allahn bai tambaya ba.

Abu ya yi daɗi. Daga Talata ya koma Talata da Alhamis, daga nan ya cinye mako. Aikin gida, mai farar riga ne ke yi. Ranar gwaji ya ari katin shaidar Haladu, ya shiga ya rubuta, aka liƙa sakamako, sunan Haladu a sama. Sau ɗaya Haladu ya leƙa takardar sa hannun, ya ga rubutun nasa ne sak, har da ƙugiyar da yake yi wa harafin ƙarshe tun yana firamare. Ya tsaya yana ƙare wa rubutun kallo. Amma aka ƙwala masa kira, wasa ya zo kansa, ya manta.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci uwarsa kan ari wayar maƙwabciya ta kira shi. Tambayar ba ta canzawa: ya ci abinci, yana sallah a kan lokaci, karatun da wuya? Ya gaji da ita. Wata Juma'a wayar ta yi ƙara yana tsakiyar wasa, mai farar riga na tsaye a bayansa, bai ma san lokacin da ya zo ba. Haladu ya miƙa masa wayar ya ce, "Ce mata ina lafiya." Shi kuwa ya matsa gefe ya yi sallama, da muryar Haladu. Abokai suka kwashe da dariya, Haladu ya fi kowa. Tun daga ranar, kiran Juma'a ya zama nasa.

Ranar babbar jarrabawa Haladu ya yi wanka ya tafi da hantsi. An rubuta lambar kowa da alli a kan tebur. Ya bi layi har ya kai tasa, ya tarar da mutum a zaune. Malami ya kira sunan Haladu, mai farar riga ya ce, "Ga ni." Haladu ya ce shi ne mai sunan. Malami ya karɓi katin da aka ara tun ranar gwaji daga hannun na zaune, ya dubi hoton, ya dubi su biyun. Hoton ya koɗe, amma rigar da ke ciki fara ce. Ya tambayi 'yan aji, suka ce su dai wannan na zaune suka sani tun farkon zango, wancan kuwa sun taɓa ganinsa a gindin bishiya. Mai gadi ya riƙe wa Haladu hannu har bakin ƙofa. Mai farar riga bai ko ɗago ba, rubutu yake ta yi.

Kwana tara Haladu yana yawo ofis ofis, babu takardar da ta san fuskarsa. Aka yi hutu, ya hau mota, yana cewa a ransa ko duniya ta ƙi shi akwai inda ba a neman kati. Ya isa gida da la'asar. A ƙofar ɗakinsa ya ga takalma an jera su yadda shi yake jera nasa. Uwarsa na tsakar gida tana tankaɗe. Ka san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ƙura masa ido. Shekara goma sha tara da muryarsa ta san shi. Ya yi sallama, sai abin ya fito a shaƙe, kamar na wanda ya daɗe bai yi magana ba. Ta amsa kanta a sunkuye, ta ce, "Maraba da baƙo. In ɗan bokon nan kake nema, yana ciki, bari ya gama cin abinci." Haladu ya jiyo ana kankare kwano daga cikin ɗakin.

Ban san inda ya kwana ba, ban kuma tambaya ba. Ka dai gaya wa ɗanka: bencinsa ya zauna da kansa, hannunsa ya sa da kansa, in uwarsa ta kira ya ɗauka da kansa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.